Kafin A Sayar Da Tsofaffin Fayafan Garmaho

Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Yau fiye da shekara ashirin ke nan waɗansu fatake suke bin garuruwan Afirka ta Yamma, daga Ikko zuwa Anaca, daga Kwatano zuwa Kumasi, babu abin da suke cigiya sai tsofaffin fayafan garmaho. Waɗansunsu Turawa ne, waɗansu kuwa 'yan ƙasa ne masu yi musu dillanci. Da intanet ya game duniya sai cinikin ya sake kama, har ya zama mutum yana zaune a gidansa a Kontagora zai ɗauki hoton faifan da ya gada, ya sa shi a kasuwar intanet, kafin gari ya waye wani a Jamus ko Japan ya gani ya taya. Saboda haka lalle ne duk mai irin wannan kaya ya tsaya ya san abin da ke hannunsa tukuna, kada a yi rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa Kontagora da fayafan garmaho? To, hanya ce da ma'aikata. Wannan gari da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864 yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta Jebba da Makwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma wadda ta ɓalle ta Tegina zuwa Kaduna da Minna. Duk abin da ya fito sabo a kantunan Ikko ko Kaduna, ba a daɗewa direbobin manyan motoci za su sauke shi a Kontagora. Ga barikin soja, ga malaman makaranta da ma'aikatan En'e, ga kuma jama'ar da aikin madatsar ruwa ta Kainji ya tara a wannan yanki tsakanin 1964 da 1968. Daɗin daɗawa, a 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kowa ya ruga kanti, mai sayen babur na yi, mai sayen babban akwatin rediyo mai haɗe da garmaho na yi. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 sai ofisoshi suka ƙaru, masu albashi suka yawaita. A wancan zamani ɗakin ɗan boko bai cika ɗaki ba sai an ga fayafai jere a gefen akwatin.

Sunan ma daga gida aka aro shi, don kuwa Bahaushe ya dubi abin ya ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi. Iri uku ne suka shigo ƙasar nan. Na farko shi ne mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda ake yi da wani irin ƙaro, ga nauyi, kuma in ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran. Shi ake ɗora wa garmaho mai wani da hannu, da allurar ƙarfe wadda ake sakewa a kai a kai, kuma kowane gefe nasa bai cika wuce minti uku ba. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai na roba mai faɗin inci 12, mai juyi 33 da sulusi, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar wajen minti ashirin. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin nan mai inci 7 da juyi 45. Babban faifan shi ya yi wa makaɗan Hausa rana, domin waƙar sarauta ko ta wani attajiri ba a gama ko share fagenta a cikin minti uku.

Kamfanonin da suka riƙe wannan sana'a a Ikko su ne EMI da Decca da Philips, wanda daga baya ya koma Polygram, sa'an nan ga na 'yan ƙasa irin su Tabansi a Anaca. Kamfanin EMI ya buga fayafan Alhaji Mamman Shata da na Alhaji Ɗan Maraya Jos. Wanda ya buɗe adakar wani tsohon ma'aikaci zai iya tarar da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya, kusa da su ga Bala Miller mai waƙar Hausa da kayan kiɗan Turawa, ga Fela da Sunny Ade da Victor Uwaifo, ga waƙoƙin finafinan Indiya, ga kuma Jim Reeves da Don Williams da Jimmy Cliff.

Abin da ya kashe kasuwar faifai sanin kowa ne. Kamfanin Philips ya ƙago kaset a 1963, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 rikoda ta shiga kowane lungu. Kaset ya fi araha, ana sa shi a mota, ana kai shi gona, kuma kowa na iya ɗaukar waƙa a kansa, ko daga rediyo ko a wurin biki. Masu satar fasaha suka samu abin yi, kamfanoni suka shiga asara. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, sai kamfanonin waje suka sayar da hannun jarinsu ɗaya bayan ɗaya suka kama gabansu. Fayafai suka koma ƙarƙashin gado. Gara ta ci kwalaye, zafin bazara ya lanƙwasa waɗansu, yara suka yi gare da waɗansu, sauran kuwa 'yan gwangwan suka kwashe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A ƙasashen Turawa faifai ya farfaɗo. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta ba da lissafi cewa a 2022 an sayar da fayafan garmaho miliyan 41 a ƙasar, alhali fayafan CD miliyan 33 aka sayar, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Cikin wannan guguwa ne aka waiwayo tsohon kiɗan Nijeriya. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya tattara waƙoƙin shekarun 1970 ya fitar da su da sunan Nigeria 70. A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, mutumin da aka manta da shi a gida, sai ga shi duniya na neman fayafansa na asali ruwa a jallo. A wannan shekara dai kamfanin Sahel Sounds ya buga kiɗan Mamman Sani na Jumhuriyar Nijar a kan faifai, bayan da aka tarar da kaset ɗinsa a gidan tarihi na Yamai. Duk lokacin da aka sake buga wani makaɗi, sai farashin tsofaffin fayafansa ya tashi.

Sai dai a nan akwai abin lura. Tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Fayafan Jim Reeves da Don Williams an buga su da miliyoyi, suna nan jibge a Turai, ba wanda zai biya kuɗin jirgi a kawo masa daga Kontagora. Abin da masu saye suka fi nema shi ne kiɗan rawa na shekarun 1970 da farkon 1980 wanda aka buga a Nijeriya ba da yawa ba, musamman na ƙananan ƙungiyoyi waɗanda suka yi faifai ɗaya ko biyu suka watse. Irin wannan yakan kai ɗaruruwan daloli in yana da lafiya. Kiɗan gargajiya na Hausa kuwa galibi bai kai wannan daraja a wurinsu ba, don ba su jin harshen, kuma daɗin waƙar Bahaushe a cikin magana yake. Watau ma'aunin kasuwa dabam, ma'aunin gida dabam.

Wanda ya ƙudura zai sayar, to ga abubuwan da ya kamata ya kiyaye. Da farko ya ɗauki littafi ya rubuta kowane faifai, sunan makaɗi, sunan kamfani, lambar da ke jikin kwali da takardar tsakiya, da shekara in an rubuta. Da wannan lamba ce zai nemi faifan a Discogs, watau babban kundin fayafai na intanet da aka kafa a Amurka a 2000, wanda ya zama kasuwa kuma. A can ana nuna mafi ƙanƙantar kuɗin da aka taɓa sayar da faifan, da matsakaici, da mafi tsada. Mai hankali da matsakaicin zai yi aiki. Kada kuma ya ruɗu da kuɗin da wani ya sa wa nasa, domin sa kuɗi dabam, sallamawa dabam.

Na biyu shi ne faɗin gaskiya game da lafiyar kaya. Masu wannan ciniki suna da matakai takwas, daga faifan da ba a taɓa ɗora wa allura ba har zuwa wanda ya tsage, kuma kwali ma ana auna nasa dabam. Faifan da ya karce har allura na tsalle ba zai kai rabin kuɗin mai lafiya ba, sau da yawa ko kusa. Mai saye yana nesa, hoto da kalmar mai kaya kawai ya dogara da su, kuma in kaya suka isa ya ga saɓanin abin da aka faɗa, yana da ikon ya karɓe kuɗinsa ya kuma rubuta sunan mai kayan cikin marasa amana, kowa ya gani. Saboda haka gara a rage wa faifai daraja a baki, mai saye ya same shi ya fi yadda ya zata.

Na uku, gyara da ajiya. Ba a wanke faifai da kananzir ko fetur, ba a kuma goge shi da tsumma mai kaushi. Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi sun isa, a bi zagayen layukan, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Mai juyi 78 kuwa ko sifirit ba ya so, don yana cin jikinsa. A jera fayafai a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora su bisa juna, a nisanta su daga rana da ɗakin kwano mai zafi. Wanda ya san zafin watan Maris da Afrilu a Kontagora ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Na huɗu, aikawa da karɓar kuɗi, kuma a nan ne yawancin ciniki ke lalacewa. Babban faifai da kwalinsa ya kusa rubu'in kilo, in aka naɗe shi cikin kwali mai kauri ya doshi rabin kilo. Kuɗin aika shi Turai ta gidan waya ko ta kamfanonin jigila sau da yawa yakan fi kuɗin faifan kansa, don haka sai a yi lissafi tun kafin a sallama. Ga kuma la'ada, wadda Discogs ya mayar kashi 9 cikin ɗari a 2023. Yawancin masu saye na waje ta PayPal suke biya, shi kuwa wannan kamfani da ya shigo Nijeriya a 2014 damar biya kawai ya bayar, aka shafe shekaru ba a karɓar kuɗi ta wurinsa. Wannan ne ya jefa mutane da yawa hannun dillalan Ikko ko 'yan'uwa mazauna waje. Mai sayarwa a gida ta Facebook ko WhatsApp ko Jiji shi kuma ya yi hattara da saƙon banki na jabu. Kada kaya su bar hannunsa sai ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun zauna.

Akwai kuma dabarar da masu sari suka saba yi, watau su taya adaka gaba ɗaya a kan kuɗi guda. Mai kaya ya ga an raba shi da tarkace har an ba shi na cefane, sai ya yi godiya, bai san cewa faifai ɗaya a ciki ya biya kuɗin duka har da riba ba. Sayarwa a dunƙule ba laifi ba ce ga wanda ba shi da sukunin bi ɗaya ɗaya, amma sai bayan ya san abin da ke cikin adakar.

Bayan wannan sai maganar haƙƙi. Yawancin waɗanda suka tara fayafan nan sun tsufa, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. In mai kaya ya rasu, fayafansa sun shiga dukiyar gado kamar gona da gida. Bai halatta wani ɗa, don shi ne ya iya latsa waya, ya kwashe su a ɓoye ya sayar ya ce ai shara ce. Abin da aka biya dala a kansa ya wuce shara, kuma akwai rabon mata da marayu a ciki.

Haka nan mai faifai ya sani robar ce tasa, waƙar kuwa tana da masu ita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999, saboda haka waƙoƙinsa na da kariya har 2069. Ɗan Maraya ya rasu a watan Yuni na 2015, nasa lissafin ya fi haka nisa. Duk baƙon da ya sayi faifai da niyyar sake buga shi don kasuwa, wajibi ne ya nemi magadan makaɗin da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin ɗaukar. Takardar da mai faifai zai sa wa hannu ba ta ba shi wannan izini.

To, yanzu ga babbar magana. Yawancin fayafai daga tef na asali aka buga su, wanda kamfani ke ajiyewa. Da kamfanonin waje suka tashi, da yawa daga cikin waɗannan tef sun ɓace ko sun lalace, shi ya sa masu sake buga kiɗan Nijeriya sukan koma ga tsohon faifai su kwafo daga jikinsa. Wannan hasara ba a Nijeriya kaɗai take faruwa ba. A 2008 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka, kuma jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa tef na asali fiye da 100,000 suka ƙone. In haka ta faru ga masu kuɗi da na'urori, ina ga wanda ya bar nasa a sito mai yoyo? Ma'ana dai, faifan da ke cikin adaka a wata unguwa ta Kontagora yana iya zama shi ne mafi tsabtar abin da ya rage na wata waƙa.

Wani zai ce ai waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo sun cika wayoyin hannu. Gaskiya ne, amma yawancinsu daga kaset aka kwafo su, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, murya ta dushe, an yanke farko ko ƙarshe, ba sunan waƙa na ainihi, ba shekara. Faifai kuwa yana zuwa da shaidarsa a rubuce, har da hoton makaɗin da 'yan amshinsa a jikin kwali. Ga mai nazari wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin waƙar Bahaushe kundin tarihi ce. A cikinta ake jin jerin sarakuna da hakimai, da sunayen attajirai da direbobi da 'yan dambe, da kalmomin da bakin yau ya yar. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Aliyu Ɗandawo na Yawuri, maƙwabciyar Kontagora, sun rasu tun kaset bai yaɗu ba, kuma ɗan abin da ake ji na muryarsu yau albarkacin waɗanda suka ɗauka suka adana ne. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Coge a 2013. Ba wanda zai sake kiran waɗannan ya ce su maimaita.

Ba a ce duk abin da ya ƙetare teku ya salwanta ba. A shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga shi a kan faifai a Jamus ƙarƙashin hukumar UNESCO, kuma har yau ana amfana da shi. Amma akwai bambanci tsakanin ɗakin karatu da ɗakin wani mai sha'awa a Tokyo. Na farko ɗalibi na iya rubuta takarda ya nema, na biyu kuwa in ya shiga ya shiga ke nan.

Saboda haka shawara ga masu fayafai ita ce su raba kayansu gida biyu. Na Turawa da na Indiya da sauran waɗanda duniya ke cike da su, a sayar yadda aka ga dama. Na Hausa da na Nufawa da Kambari da Dakarkari da sauran harsunan wannan yanki, in an dace da su, kada a sallama sai an kwafe su a kwamfuta tukuna. Akwai garmaho na zamani da ake jonawa da kwamfuta, aikin bai fi tsawon waƙar ba. A ɗauki hoton kwali ciki da baya, da takardar tsakiya ta kowane gefe, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sa'an nan kafin a kai wa na nesa, a fara yi wa na gida tayi.

Su ma na gidan lalle ne su tashi tsaye, don ba a ce wa mai bukata ya riƙe kayansa alhali ba wanda ya zo saye. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda tun 1962 yake tara muryoyin makaɗan Arewa, da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, duk wannan aiki nasu ne, kuma dokar 2022 ta ba ɗakunan karatu da gidajen tarihi damar yin kwafi don adanawa. A Kontagora kanta ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya wadda yanzu ta zama jami'a. Ɗaki ɗaya, garmaho ɗaya, kwamfuta ɗaya da ma'aikaci mai amana sun isa a fara. In Majalisar Sarkin Sudan ta sa baki, ta yi shela cewa duk mai tsohon faifai ya kawo a kwafa a mayar masa da abinsa, babu shakka jama'a za su amsa, domin a cikin waɗannan fayafai akwai kirarin iyaye da kakanni. Attajiran garin kuma, waɗanda iyayensu suka yi wa makaɗa kyautar doki da mota don a ambace su, ba za su rasa abin sayen faifan da aka ambace su a ciki ba.

Mai kaya dai shi ke da ikon kayansa, kuma halin da ake ciki na tsadar rayuwa ba wanda zai zargi ɗan fansho don ya mai da adakarsa kuɗin magani ko na makarantar jikoki. Abin da ake roƙo kawai shi ne ya san darajar abin da zai sayar, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma in faifai zai tafi, to muryar ta kwana a gida. Da na sani ƙeya ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rera da waɗanda suka adana, ya sa na baya su gane.